Mamana Ta Tafi Sama

"Ba zan yi ba, Fasto."

Fasto Rigoberto ya zare tabarau ya ajiye a kan tebur, ya dubi Nolvia kamar bai ji da kyau ba. Shekara ashirin yana riƙe da cocin San Marcelo, ba a taɓa ce masa a'a a wannan ɗan ofishin ba, balle daga bakin yarinyar da saura sati uku ta zama matar ɗansa.

"'Yata, ban ce ki yi ƙarya ba. Baƙuwa za ta zo jibi Asabar, ke kuma kin fi kowa jin Turanci a garin nan. Abin da na faɗa ki juya mata, abin da ta faɗa ki juya mana. Shi ke nan."

"In ta ce a kai ta kabarin yayata fa? Me zan juya mata?"

Fasto ya sunkuyar da kai.

"Kabarin Dilcia, Fasto! Dilcia da ta kira mu ran Lahadi tana kukan ciwon baya!"

Ta ɗaga takardun da ke hannunta. Da safen nan aka miƙa mata su don ta shirya tarbar baƙuwar. Wata biyu ke nan da dawowarta daga kwalejin malamai ta Santa Rosa, ba ta taɓa buɗe su ba sai yau.

A bayan cocin akwai ɗakin girki inda yara casa'in da huɗu ke cin abincin rana, kwana shida a mako: wake, shinkafa, gurasar masara mai zafi da ake kira tortiya, wani lokacin da ƙwai. Wata ikkilisiya ce a Amurka ke ɗaukar nauyinsa. Kowane yaro yana da mai kula da shi a can, yana rubuta masa wasiƙa, a juya ta Turanci a aika.

Shekara biyu da suka wuce Marleni, 'yar Dilcia, ta rubuta tata da manyan baƙaƙe karkatattu: Mamana ta tafi sama, ina zaune da kakata.

A garinmu duk wanda ya ƙetare iyaka ya nufi arewa neman abinci, cewa ake ya tafi sama. Mijin wance yana sama, ɗan wane ya hau sama bara. Ko yaro ɗan shekara uku ya san ba lahira ake nufi ba. Amma matar da ta karɓi wasiƙar ba 'yar garinmu ba ce. Ta aiko da ta'aziyya shafi uku.

A takardun da ke hannun Nolvia kuwa, a ƙasan sunan Marleni an rubuta kalma ɗaya: marainiya. Haka a ƙasan sunayen wasu yara goma sha ɗaya, waɗanda Nolvia ta san iyayensu mata duk suna nan da ransu a sama. Rubutun kuma ta san shi. Shekara huɗu wannan hannun yana rubuta mata wasiƙun soyayya.

"Kafin wannan wasiƙar sau biyu a mako muke ɗora tukunya," in ji Fasto a hankali. "Kin sani, don a nan kika ci kika girma. Ki yi tunani, 'yata."

"Na gama tunani."

Ta fice ba ta rufe ƙofar ba.

Elvin, ɗan Fasto, yana sauke buhunan wake daga bayan a-kori-kura, rigarsa ta jiƙe da gumi. Yana hango ta ya washe baki.

"Sarauniyata! Wa ya taɓa min ke na ga fuskar nan ta..."

Ta manna masa takardar a ƙirji.

Ya duba. Murmushin ya gudu.

"Nolvia, tsaya ki ji..."

"Rubutunka ne ko ba naka ba ne?"

"Nawa ne. Amma Allah shaida ne, da farko kuskure ne! Kin san Turancina, na tsince-tsince ne. Yarinya ta ce sama, na rubuta sama. Ina na san haka matar za ta ɗauka?"

"Da ta'aziyyar ta iso fa?"

"Na so in gyara..."

"Ka so!"

"Na so, rabin raina. Sai ga shi ta tashi a gaban ikkilisiyarsu ta karanta wasiƙar, mutane suka yi ta kuka. A wata guda muka samu masu ɗaukar nauyin yara arba'in. Baba ya ce mu dakata tukuna..."

"Sauran sha ɗayan fa? Su ma kuskuren Turanci ne?"

Ya zauna a kan buhu ya dafe kai.

Ta tsaya tana kallon ƙeyarsa. Wannan ne Elvin da ke tashi da asuba ya raka ta tashar mota duk farkon zango, ɗauke da akwatinta a kafaɗa. Wannan ne wanda 'yan matan mawaƙan coci suka yi ta yi wa fari da ido shekara huɗu, yana ce musu yana da malama a Santa Rosa. A kwalejin wani malamin lissafi mai mota ya neme ta, ta ce masa ta riga ta ba da zuciyarta ga mutumin da bai iya ƙarya ba. Haka ta faɗa, da bakinta, har da ɗaga kai.

"Duk Lahadi kana gidanmu," ta ce. "Kana cin abincin Mama. Dilcia ta kira, ka karɓi wayar ka ce, 'Yaya, yaushe za ki aiko min da agogon angonci?' Kuna dariya... Ka koma Litinin ka rubuta ta mutu."

"Don yara na yi!"

"Ni fa? Don wa ka ɓoye min?"

Ya ɗago, idanunsa sun yi ja. "Don na san ki. Na san haka za ki yi."

Wannan maganar ta fi komai yi mata ciwo. Ashe ya san ta sarai, shi ya sa ya rufe ta.

A gida ta tarar da Mama, Doña Tomasa, a gaban murhu tana tafa ƙullun masara tsakanin tafukanta. Nolvia ta zayyana mata komai a tsaye, ko jaka ba ta ajiye ba. Ta jira ta ga Mama ta saki ƙullun ta ɗora hannu a ka.

Mama ta juya tortiyar da ke kan kasko.

"Na sani."

"Kin... me?"

"Na ce na sani. Fasto ya zo har nan ya gaya min tun a lokacin."

Nolvia ta jefar da jakarta.

"Mama, 'yarki ce fa! Ke kika haife ta!"

"Ke za ki tuna min? Kwana biyu ina naƙudarta." Mama ta goge hannu a zaninta na girki, ta juyo. "Kina Santa Rosa kina karatu, ba ki ga Marleni a shekarar da cutar tsatsa ta cinye gonakin kofi ba. Gashin yarinyar nan ja ya koma, yana zuba a matashi. Dilcia ta aiko kuɗi wannan watan, wata biyu shiru, ita ma tana ɓuya don ba ta da takardun zama, tana neman aiki. Ruwan wake nake ba ta da gishiri. Sai aka ce min ga abinci kullum, ga magani, ga littafi, abin da ake so kawai in yi shiru. Na yi shirun. Takarda ba ta kashe mutum, Nolvia. Yunwa tana kashewa."

"Dilcia ta sani?"

"Kar ki kuskura!"

"To ya kike iya kallon fuskarta a waya?"

Mama ta koma kan kaskonta. "Ba na iyawa. Ba ki lura kullum ke nake miƙa wa wayar ba?"

Sai ga Marleni ta shigo da gudu daga makaranta, kitsonta biyu na tsalle. Shekararta takwas, kumatunta cike.

"Inna Nolvia! Jibi uwar ɗakina ta Amurka za ta zo! Kaka ta ce in yi mata waƙa, amma kar in yi zancen Mamana don zai sa ta baƙin ciki. Me ya sa, Inna?"

Nolvia ta dubi Mama. Mama ta dubi wuta.

"Je ki wanke hannu, 'yar lele."

Da yarinyar ta fita, Mama ta kamo hannun Nolvia da nata mai ɗumi.

"Ban ce ki yi musu tafinta ba. Kar ki yi. Amma ki yi min alkawari ba za ki buɗe baki ba. Kwana ɗaya ne, matar ta zo ta tafi. Rigar aurenki tana wurin tela. Ki rufa mana asiri, 'yata..."

Nolvia ta daɗe tana kallon hannun nan da ya ƙone a kan kasko don ta yi karatu.

"Na yi alkawari," ta ce.

Ran Asabar aka share harabar coci aka rataya takardu masu launi. Nolvia ta ɗaura zanin girki ta tsaya bayan tukunyar wake da ludayi, ta ƙudura ba za ta ko ɗaga kai ba. Elvin ne zai yi tafinta da nasa Turancin.

Baƙuwar, Misis Loretta, tsohuwa ce siririya mai farin gashi, tare da wasu dattawa biyu daga ikkilisiyarsu. Tana rungume da fararen furanni da ta saya a hanya. Kowa ya san labarinta daga wasiƙu: 'yarta ɗaya tilo ciwon daji ya ɗauke ta, wata uku kafin wasiƙar Marleni ta isa hannunta.

Yara suka yi waƙa. Fasto ya yi addu'a. Aka kawo Marleni cikin farar riga, tsohuwar ta durƙusa da ƙyar ta rungume ta tana kuka.

Marleni ta shafa furen. "Kai, suna da kyau!"

Ashe tsohuwar ta koyi 'yan kalmomin yarenmu don wannan rana. Ta haɗa su ɗaya bayan ɗaya.

"Na... mamarki... ne."

Fuskar Marleni ta haska. Ta manta da duk wani gargaɗi.

"Za ki kai mata? Kin san gidanta? Ai daga can kike! Don Allah ki ce mata takalmin nan mai fitila da ta ce za ta aiko, lamba talatin nake sawa yanzu, ƙafata ta ƙaru. Ran Lahadi na manta ban gaya mata ba!"

Misis Loretta ta juya wurin Elvin da murmushi cikin hawaye. "Me ta ce?"

Ludayin ya tsaya a hannun Nolvia. Ta ɗaga kai. Elvin ma ita yake kallo. A zuciyarta ta ce: faɗi gaskiya, masoyina. Ka faɗa da bakinka, in yafe maka komai a nan take...

Elvin ya kawar da ido.

"Ta ce... tana magana da mamarta duk Lahadi. A cikin addu'a. Ta ce ki kai furen inda take kwance."

Ludayin ya faɗa cikin tukunya.

"Ba haka ta ce ba!"

Da Turanci ta faɗa, da ƙarfi, har yaran da ke layi suka waigo. Mama ta ce, "Nolvia!" Fasto ya miƙe. Amma ta riga ta zagayo tebur.

"Ta ce ki gaya wa mamarta ƙafarta ta ƙaru. Mamarta yayata ce, sunanta Dilcia, tana raye. Tana gyaran ɗakuna a wani otal a Houston. A nan in mun ce mutum ya tafi sama, ƙasarku muke nufi. Babu kabari, Misis. Yunwar gaskiya ce, yaran gaskiya ne, abincin nan kuma duk cikinsu yake shiga, ba wanda ya ci ƙwaya ɗaya. Amma babu kabari."

Tsohuwar ta lalubi bencin yara ta zauna. Furannin suka zame daga cinyarta.

"Tana raye?"

"Tana raye."

"Na gode wa Ubangiji..." Ta rufe baki da hannu. Can ta ce, a hankali, "Shekara biyu ina ambaton sunanta tare da na 'yata. Ina cewa su biyun suna tare, ni kuma zan riƙe yarinyar." Ta ɗago ta dubi Fasto. "Da kun ce min yunwa kawai take ji, ai da na bayar."

Fasto bai ji Turancin ba. Ya dubi Nolvia, ita kuwa ta juya masa kalma bayan kalma. Tafintar da ta yi ke nan ranar.

Marleni ta ja zanin Nolvia. "Inna, na yi laifi ne?"

"Ko kaɗan, zuciyata. Ke kaɗai ce ba ki yi ba."

Misis Loretta ba ta saki Marleni ba, har yau tana rubuto mata. Amma dattawan biyu sun koma sun ba da labari, ikkilisiyar ta dakatar da taimako sai an yi bincike. Wasu masu bayarwa suka ji kunya suka janye gaba ɗaya. Kafin wata ya zagayo, ɗakin girki ya koma Talata da Juma'a.

Ranar da aka sa ta aure ta zo ta wuce, ba wanda ya yi zancenta.

A kasuwa mata suka daina amsa gaisuwar Nolvia. Wata safiya Doña Chela, mai 'ya'ya biyar da miji gurgu, ta tare ta a bakin famfo.

"Malama mai gaskiya! Sannu da aiki. Kin tayar da yayarki daga kabarin takarda, madalla. To yau Laraba, me kike so in zuba wa nawa? Turancinki?"

Nolvia ta rufe famfon. Ta ɗauki bokitinta ta wuce, kanta a miƙe, sai da ta shiga gida ta bar hawayen suka zubo. Daga ranar, duk Laraba ita da Mama suke dafa wake a tsakar gida da abin da take samu na koyarwa. Yara goma sha biyar yake isa, wani lokacin sha takwas. Mama tana tafa tortiya, ba ta ce mata kin kyauta ba, ba ta kuma ce kin ɓata ba.

Sati na shida Elvin ya zo da la'asar. Tana shanya 'ya'yan kofi a tsakar gida da manjagara. Ya rame, gemu ya fito masa.

"Rabin raina..."

Zuciyarta ta buga kamar ranar farko. Ta ci gaba da jan kofin.

"Baba ya rubuta musu takarda. Ya ce duk abin rashin fahimtar yare ne, daga farko har ƙarshe. Sun ce in ke kika sa hannu za su yarda, don ke suka amince wa. Ki sa hannu, Nolvia. Tukunya ta koma kwana shida. A ɗaura aurenmu kafin Kirsimeti. Na gama rufin ɗakinmu, na shafa masa shuɗin nan da kike so..."

Ta jingina manjagarar. Ta karɓi takardar ta karanta har ƙasa.

"Na farkon rashin fahimta ne. Sha ɗayan fa?"

"Nolvia, don Allah!"

"Ga abin da zan yi. Ka zauna nan, ka rubuta musu abin da ya faru yadda ya faru. Ka ce ka ga gashin yara yana zuba ka ji tsoro. Ka nemi gafara. Ni zan juya ta da Turancin da ya fi kowanne kyau, in sa hannu a ƙasan naka, in tsaya kusa da kai a gaban ikkilisiya ran Lahadi. Gobe ma in ka ce a ɗaura, na shirya."

"In tona wa mahaifina asiri? Shekara ashirin yana..."

"Ka binne yayata don ka rufa masa."

"In sun ji gaskiyar suka ƙi dawowa fa?"

"Suna iya ƙi."

"Kin ga! Ke ba ruwanki, ke dai a ce Nolvia ba ta lanƙwasa! Girman kanki ya fi miki cikin yara, ya fi miki ni!"

Ta ji maganar har cikin ƙashinta, don ita ma ta sha tambayar kanta haka.

"Ina son ka, Elvin. Ban daina ba ko na minti ɗaya, shi ne ma abin haushin. Amma na tsaya ina kallonka ka karɓi maganar yarinya daga bakinta ka mayar da ita wata aba. In na aure ka a haka, duk ranar da ka ce min 'rabin raina' sai na tambayi kaina me ka ce a asali."

Ya tsaya, hawaye na bin gemunsa. Ta jira. Ta ba shi lokaci mai tsawo, har inuwar bishiyar lemo ta kai ƙafarsa.

Ya ninke takardar ya sa a aljihu.

"Ba zan iya ba."

"Na sani."

Ta zare zoben baikonsu a hankali, ya ɗan maƙale a gaɓa, ta murɗa shi ya fita. Ta kama hannunsa ta sa masa a tafi, ta rufe yatsunsa da nata. Ya fita bai waiwayo ba.

Mama ta leƙo daga ɗakin girki, idanunta jiƙe.

"Me ya rage miki yanzu, 'yar nan?"

Nolvia ta share fuska da bayan hannu.

"Ba yawa, Mama. Na karya alkawarin da na yi miki. Na rasa mijin da nake so, ba kuma na jin zan so wani haka. Rabin garin nan ba sa gaishe ni. Yara kusan tamanin ba sa cin abincin rana kwana huɗu a mako, da bakina na jawo musu, kuma na san sunan kowannensu." Ta ja numfashi. "Duk na sani. Ko gobe aka sake kawo takardar, ba zan sa hannu ba."